Richard St. Barbe Baker (1889-1982): Malamin dajin da ya kai dashen itace makarantun firamare

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Wad Madani, ta ratsa Sinnar da Mai Wurno ta nufi Sinja da Damazin, ya san dazuzzukan gabaruwa da ke gaɓar kogin Shuɗin Nilu, waɗanda mutanen Sudan ke kira sunut. Kogin ne ke shayar da su duk shekara idan ya yi ambaliya ya cika fadamu, kuma daga cikinsu aka daɗe ana samun katakon shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, da itacen girki, da 'ya'yan gabaruwar da majema ke jima da su. Hausawa da Fulanin da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, bayan yaƙin Burmi na 1903, a kusa da irin waɗannan dazuzzuka suka kafa garuruwansu, suka yi noma, suka yi su, suka haifi 'ya'ya da jikoki.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilun 2023 ya taɓa waɗannan yankuna sosai. An rufe makarantu na tsawon lokaci, iskar gas ta girki ta yi wuya, jama'a suka koma ga itace da gawayi, gatari ya shiga inda a da ake tsoron shigar da shi. Abubuwa biyu ke nan suka lalace tare, wato karatun yara da kuma daji. Wannan ne ya sa a filinmu na wannan mako muka ɗauko tarihin wani Baturen Ingila da ya shafe kusan shekara 60 yana nuna cewa ana iya gyara waɗannan abubuwa biyu a lokaci guda. Sunansa Richard St. Barbe Baker, wanda duniya ta yi wa laƙabi da Mutumin Itatuwa, kuma ya yi aikin gandun daji a Kenya da Najeriya tun zamanin mulkin mallaka.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Baker a ranar 9 ga watan Oktoba, 1889, a wani ƙauye mai suna West End da ke kusa da birnin Southampton a kudancin Ingila. Gidansu gidan malaman addinin Kirista ne tun kakanni. Mahaifinsa, John Baker, yana wa'azi, amma sana'ar da yake ci da ita ita ce renon 'ya'yan itatuwa yana sayarwa. Saboda haka yaron ya buɗe ido ne ya ga ana tara iri, ana yayyafa shi a fangali, ana cire ciyawa, ana ciro dashe a mayar da shi wani wuri idan ya yi ƙwari.

Tun bai isa shiga makaranta ba aka yanka masa ɗan fili a lambun gidan aka ce nasa ne. Abin da ya shuka a ciki, shi zai ba shi ruwa, shi zai tsare shi, idan ya mutu shi ya yi asara. Da ya ɗan tasa sai mahaifinsa ya riƙa sa shi cikin aikin gandun, inda ya koyi bambanta iri mai kyau da marar kyau, da zurfin ramin da kowane dashe ke so, da lokacin da ya dace a dasa. Daga baya ya ƙara da kiwon zuma, har ya tara amya da dama tun yana ɗan makaranta.

A cikin tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa, ya ba da labarin wata rana, yana da kimanin shekara 5, da ya shiga dajin da ke kusa da gidansu shi kaɗai, ya yi nisa cikin dogayen itatuwa, maimakon tsoro sai ya ji wani irin farin ciki da natsuwar da bai taɓa mantawa da su ba har tsufansa. Abin lura a nan shi ne, duk ilimin da ya zo ya samu a jami'a daga baya, a kan wannan harsashi na ƙuruciya aka ɗora shi. Shi kansa ya san haka, shi ya sa har ƙarshen rayuwarsa bai daina neman a ba kowane yaro irin damar da aka ba shi ba.

Karatu, Kanada da yaƙi

Bayan ya gama makarantar Dean Close da ke garin Cheltenham, sai ya tafi ƙasar Kanada a wajejen 1910, da niyyar karatun addini da aikin mishan. Yana cikin ɗaliban farko-farko na Jami'ar Saskatchewan da ke birnin Saskatun. Don ya samu kuɗin makaranta, ya yi noma, ya yi horon dawakai, ya kuma yi aiki a sansanin masu saran katako kusa da garin Prince Albert.

A can ne ya fara ganin abin da ya sauya masa tunani. Ya ga yadda ake kwantar da manyan itatuwa ba lissafi, a ɗebi abin da ake so a bar sauran ya ruɓe. Ya kuma ga yadda manoman da suka zo daga Turai ke kafta filayen ciyawa masu faɗi ba tare da sun bar ko da layin itace guda da zai tare iska ba, har ƙasar ta fara tashi tana bin iska. Shekara 20 bayan haka, cikin shekarun 1930, guguwar ƙura ta cinye gonaki masu yawa a wannan yanki da maƙwabtansa na Amurka.

Ya koma Ingila a 1913 ya ci gaba da karatun addini a Kambirij, amma sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914. Ya shiga soja, aka sa shi a rundunar igwa da dawakai ke ja, ya yi yaƙi a Faransa, inda aka ji masa munanan raunuka. Da aka gama yaƙi bai koma karatun limanci ba, sai ya karanci ilimin gandun daji a Jami'ar Kambirij. A 1920 gwamnatin Ingila ta tura shi Kenya a matsayin mataimakin jami'in kula da gandun daji.

Rawar itatuwa a Kenya

Abin da ya tarar a tsaunukan ƙasar Kikuyu bai yi masa daɗi ba. Jirgin ƙasan da ke zuwa Yuganda itace yake ƙonawa, Turawa 'yan kama-wuri-zauna sun karɓe filaye masu kyau, su kuma 'yan ƙasa an matse su, suna sare abin da ya rage don su samu gona. Ofishinsa ba shi da kuɗin da zai ɗauki leburorin dashe, kuma ya lura cewa mutanen ƙasar suna kallon malamin daji a matsayin ɗan sandan da ke hana su itace, ba wanda za su taimaka wa ba.

Sai ya dubi al'adar mutanen. Ya ga ba sa fara wani muhimmin aiki, shuka ne ko girbi, sai sun yi masa rawa. Ya shawarci wani basarake mai suna Josiah Njonjo, suka shirya a yi wa itatuwa tasu rawar. A ranar 22 ga watan Yuli, 1922, a wani wuri mai suna Muguga kusa da Nairobi, samari kimanin 3,000 suka hallara. Daga cikinsu aka zaɓi 50 da suka yarda su zama 'yan sa-kai, aka raɗa musu suna Watu wa Miti da harshen Suwahili, wato Mutanen Itatuwa.

Alkawarin da kowannensu ya ɗauka a gaban jama'a guda uku ne: zai dasa itace 10 a kowace shekara, zai yi aikin alheri guda a kowace rana, kuma zai kula da itace a duk inda ya gan shi. Mai karatu zai ga kamannin wannan da tsarin 'yan sikawut, kuma lallai daga can Baker ya aro wani ɓangare, har da ba su alama da kalmar sirri ta gane juna. Waɗannan samari ne suka riƙa shiga daji suna ciro 'yan ƙananan itatuwan da suka tsiro da kansu, suna kawowa gandun reno a Muguga, ba tare da an biya su ko sisi ba.

Darasin da ya koya a nan shi ne wanda ya riƙe har abada. Doka da tara ba su hana sara ba, amma da aka ba matasa girma da suna da aikin da za su nuna, sai ga su suna tsaron abin da a da suke sarewa. A 1924, da ya koma Ingila, ya kafa ƙungiyar Men of the Trees, wadda fassarar wancan suna ce, ta kuma yi rassa a ƙasashe da dama. A 1992 aka sauya mata suna zuwa International Tree Foundation. A daidai wannan lokaci na 1924 ne kuma ya karɓi addinin Baha'i, wanda ya zauna a kai har mutuwarsa.

Zamansa a Najeriya

Daga tsakiyar shekarun 1920 zuwa 1929 Baker ya yi aiki a Najeriya, a dazuzzukan kurmi na ƙasar Benin, musamman a Sapoba, inda ake saran manyan itatuwa dangin maɗaci ana kai katakonsu Turai. Aikinsa shi ne gano yadda za a riƙa sara ba tare da dajin ya ƙare ba, wato a san adadin da ake cirewa, a bar iyayen da za su zubar da iri, a kuma buɗe wa ƙananan da ke ƙasa hasken rana daidai gwargwado. A wannan zama ne kuma hankalinsa ya fara komawa kan abin da ke faruwa a Arewa, inda ake kukan ƙarancin itace da rairayin da ke rufe gonaki.

Bai yi daɗin zama da manyansa a aikin mulkin mallaka ba. An san labarin ranar da wani jami'i Bature ya ɗaga hannu zai doki wani ɗan Afirka, Baker ya shiga tsakani dukan ya sauka a kafaɗarsa. Irin wannan hali ya sa wasu abokan aikinsa suka ɗauke shi a matsayin wanda ya cika kusantar 'yan ƙasa. Ga kuma zazzaɓi da ya sha kwantar da shi. Daga 1929 ya bar aikin gwamnati, ya koma yawon duniya yana lacca da rubutu, ba shi da albashi tsayayye.

Falasɗinu da Amurka

A 1929 babban kwamishinan Ingila a Falasɗinu, Sir John Chancellor, ya gayyace shi ya taimaka wajen farfaɗo da tsaunukan da suka zama ƙanƙo. Baker ya yi abin da mutane da yawa suka zaci ba zai yiwu ba, ya tara shugabannin Musulmi da na Kirista da na Yahudawa a kan magana guda, wato dashen itace, aka kafa reshen ƙungiyarsa, aka buɗe gandayen reno. A nan ne ya ga dubban 'yan makaranta sun fito sahu-sahu tare da malamansu, kowane yaro riƙe da dashensa, a bikin dashen itace da aka yi a bayan birnin Ƙudus. Rikicin siyasar ƙasar ya fi ƙarfin wannan haɗin kai, bai daɗe ba, amma hoton yaran bai bar zuciyarsa ba.

Daga nan ya tsallaka Amurka, inda ya shiga fafutukar ceto manya-manyan itatuwan jihar Kalifoniya, waɗanda wasunsu sun haura shekara 1,000 a tsaye. Ya kuma gana da Franklin Roosevelt tun yana gwamnan jihar New York, ya kawo masa shawarar a ɗauki matasa marasa aikin yi a sa su dashen itace. Shi ma Roosevelt mai sha'awar itace ne tun asali, kuma da ya zama shugaban ƙasa a 1933 ya kafa rundunar matasa da ake kira CCC, wadda kafin a rufe ta a 1942 matasa kimanin miliyan 3 suka yi aiki a cikinta, suka dasa itatuwa kimanin biliyan 3.

Ratsa Sahara

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Baker ya mayar da hankalinsa kacokan kan hamadar Sahara. A 1952 ya tashi daga Landan a mota tare da 'yan rakiya kaɗan, suka shiga ta Aljeriya, suka ratsa hamadar zuwa Nijar da Arewacin Najeriya, suka ci gaba har gindin dutsen Kilimanjaro a gabashin Afirka. A hanya ya riƙa duba kututturan tsofaffin itatuwa da busassun koramu, yana tambayar tsofaffi yadda ƙasar take a zamanin ƙuruciyarsu. Labarin tafiyar ya fito a littafinsa Sahara Challenge a 1954. A 1964 ya sake zagaya ƙasashen da ke kewaye da hamadar yana ganawa da shugabanninsu, waɗanda yawancinsu ba su daɗe da samun mulkin kai ba, ya rubuta Sahara Conquest a 1966.

Shawarar da ya kawo ita ce a dasa wata katangar itatuwa mai faɗin kimanin kilomita 50 da za ta ratsa nahiyar daga yamma zuwa gabas, ƙasashen duniya su haɗa kuɗi da ma'aikata kamar yadda suke haɗawa don yaƙi. Babu gwamnatin da ta ɗauka a zamaninsa. Sai a 2005 Shugaba Olusegun Obasanjo na Najeriya ya sake tayar da irin wannan magana, a 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, mai tsawon kimanin kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, wanda Najeriya da Nijar da Sudan duk suna cikin ƙasashe 11 da ya ratsa.

Adalci ne a faɗi inda Baker ya yi kuskure. Shi da wasu masanan zamaninsa sun ɗauka hamada tana tafiya ne kudu kamar rundunar mayaƙa, sahu guda, kowace shekara tana cin wasu kilomitoci. Tun a 1936 zuwa 1937 wani kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya binciki iyakar Najeriya da Nijar bai ga haka ba. A Sudan ma, bayan wani bincike na 1975 ya ce hamada na cin fiye da kilomita 5 a shekara, masana daga Jami'ar Lund ta Suwidin sun duba hotunan tauraron ɗan Adam na yankin Kurdufan cikin shekarun 1980 ba su tabbatar da hakan ba. Abin da aka gano shi ne bakin hamada na matsowa ya koma gwargwadon ruwan sama, lalacewar ƙasa kuwa tana farawa ne daga inda mutane suke, kewayen gari da rijiya da gona. Ke nan katanga guda ba za ta yi magani ba, sai dai kowane ƙauye ya gyara nasa. Wannan ya sa masu shirin Koriyar Ganuwa da kansu suka sauya salo daga baya.

A kan doki, makaranta zuwa makaranta

Yayin da shugabanni ke sauraronsa su yi masa godiya su sallame shi, Baker ya ƙara karkata ga yara. Ya rubuta littattafai kimanin 30, a ciki har da na yara irin su Kamiti, labarin wani yaro ɗan Afirka da ya tashi da burin mayar da daji ƙasarsu. Ya taɓa hawa doki ya zagaya ƙauyukan kudancin Ingila yana tsayawa a makarantu. A 1959 ya koma ƙasar Niyu Zilan da zama bayan ya sake aure, kuma a 1963, yana da shekara fiye da 70, ya sake ɗaura sirdi ya ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu, tafiyar kimanin mil 1,200, yana yada zango a makarantu yana magana da dubban ɗalibai.

Dabararsa ba ta da wuya. Ya san tsoho a kan doki zai fito da kowane yaro daga aji, to idan sun fito sai ya kai su gindin itace. Yakan sa su taɓa ɓawon, su duba ganyen, su tona ƙasar da ke ƙarƙashinsa su kwatanta danshinta da ta fili. Yakan kwatanta musu itatuwa da fatar jikin ƙasa, yadda mutum ba ya rayuwa idan ya rasa wani kaso mai yawa na fatarsa. Ya fi son yaro ya fara daga iri, ya tsince shi da hannunsa, ya shuka, ya jira, a kan a miƙa masa dashen da wani ya rena a ranar biki a ɗauki hoto a watse. Ya kuma nace cewa aikin ba ya ƙarewa ranar dashe, domin shekarun farko na ban ruwa da tsaro su ne ke raba itacen da zai rayu da wanda zai mutu.

A ƙarshen rayuwarsa ya taimaka wajen kafa wata ƙungiya mai suna Children of the Green Earth, wato 'Ya'yan Koriyar Ƙasa, wadda manufarta ita ce yaran makarantu a ƙasashe daban-daban su riƙa dashe suna musayar labari da juna. Ya kuma ziyarci Indiya ya goyi bayan mutanen ƙauyukan tsaunin Himalaya na fafutukar Chipko, waɗanda matansu ke rungume itatuwa don hana 'yan kwangila sarewa.

Yaron da ya karanta littafinsa ya zo Maraɗi

Idan ana neman shaidar cewa wannan hanya tana haihuwa, to tana ƙasar Hausa. Wani yaro a ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda aka haifa a 1957, ya ci karo da littattafan Baker guda biyu, I Planted Trees da Sahara Conquest, ya karance su, suka sa masa sha'awar aikin itace a Afirka. Ya karanci aikin gona, ya zo jihar Maraɗi ta Nijar a farkon shekarun 1980 yana aiki da wata ƙungiyar mishan.

Da farko ya yi abin da kowa ke yi, yana reno yana kai dashe ƙauyuka, amma mafi yawa suna mutuwa saboda fari da iska da awaki da gara. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirrai da ke fitowa a gonaki, waɗanda manoma ke sassabewa duk shekara, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, kuma saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su. Manoman Maraɗi suka raɗa wa abin suna sassabin zamani. Da aka sassauta dokar da ta mayar da kowane itace mallakar gwamnati, manomi ya tabbata abin da ya rena nasa ne, sai aikin ya bazu daga gona zuwa gona. Binciken da aka yi cikin shekarun 2000 ya nuna an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200, akasarinsu a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, a shekarar da aka ba manomin nan na Burkina Faso, Yacouba Sawadogo. Katangar da Baker ya roƙi gwamnatoci su gina ba ta ginu ba a rayuwarsa, amma littafin da ya faɗa hannun yaro guda ya taimaka wajen mayar da gawo da kalgo da aduwa gonakin Hausawa.

Mutuwarsa

A 1971 tsohuwar jami'arsa ta Saskatchewan ta ba shi digirin girmamawa, a 1978 kuma Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar OBE. Bai daina tafiya ba duk da tsufa da raunukan da ya daɗe yana fama da su. A ranar 5 ga watan Yuni, 1982, Ranar Muhalli ta Duniya, ya halarci dashen wani itace a harabar jami'ar a Saskatun, wanda shi ne na ƙarshe a rayuwarsa. Bayan kwana 4, ranar 9 ga watan Yuni, ya mutu yana da shekara 92. An binne shi a maƙabartar Woodlawn da ke birnin. Ya bar 'ya'ya biyu.

Abin da ya rage gare mu

Koyar da yara ta hanyar aikin hannu ba baƙon abu ba ne a Sudan. Tun 1934 aka kafa cibiyar horon malamai ta Bakht al-Rida kusa da garin Duwaim a gaɓar Farin Nilu, da nufin a haɗa karatun firamare da rayuwar karkara. Abin da tarihin Baker ke ƙarawa shi ne cewa makaranta ba ta bukatar jiran kuɗin gwamnati ko na wata ƙungiya kafin ta fara. Iri yana nan kyauta a gindin gabaruwa da daƙwara da aduwa da magarya da darbejiya. Tsofaffin gwangwanaye da ledoji sun isa reno. Dattawan gari, musamman majema da masunta da makiyaya da masu ɗiban ƙaro, sun san itatuwan fiye da kowane littafi, kuma za su ji daɗi a kira su su koyar.

A cikin wannan aiki akwai darasin kowane fanni. Yaron da ya jiƙa irin gabaruwa a ruwan zafi ya kwatanta tsirowarsa da wanda ba a jiƙa ba, ya yi kimiyya. Wanda ya ƙirga iri 100 ya rubuta nawa suka fito, ya auna tsawon dashensa duk wata, ya yi lissafi. Wanda ya rubuta sunan itace da Hausa da Larabci, ya san gawo shi ne haraz, aduwa ita ce hijlij, kuka ita ce tabaldi, daƙwara ita ce hashab, ya riƙe harshen kakanninsa ya kuma ƙware a na ƙasarsa. Daƙwarar da ɗan aji ɗaya ya dasa za ta iya fara ba da ƙaro cikin shekara 4 zuwa 5, kafin ya gama firamare, kuma Sudan ta daɗe tana kan gaba a duniya wajen fitar da wannan ƙaro.

Sharaɗin dai guda ne, wanda aka cika wa Baker yana ƙarami, aka kuma cika wa manoman Maraɗi: a ce wa yaro wannan itacen naka ne, a rubuta sunansa a kai, a taimaka masa da shingen ƙaya saboda awaki, a tsara wanda zai ba shi ruwa lokacin hutu da tsakiyar rani. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shugabannin makarantu da kwamitocin iyaye da limamai a Mai Wurno da sauran garuruwanmu na Jazira da Sinnar da Shuɗin Nilu za su iya fara tara iri tun wannan rani, domin dashe ya yi ƙwari kafin saukar ruwan damina.